Hayaƙin Ɗakin Bibi Nkwimba

Da na ga takalman 'yata Minza a bakin ɗakin Bibi Nkwimba, ƙofa a rufe da rana tsaka, taga a toshe da tsumma, na tsaya cak. Na san ranar za mu ɓata da tsohuwar nan. Abin da ban sani ba shi ne kwana goma sha tara kawai suka rage mata a duniya.

Na baro rumfata ta gyaran keke ne don in ɗauki sufanar da na manta a gida. Ban ko bi ta kanta ba, na bangaje ƙofar da kafaɗa.

Ciki duhu da zafi. Kurfoti a tsakar ɗaki, garwashi ya yi ja. Minza, mai shekara tara, tana tsugune riƙe da cokali a kan wutar, fuskarta dab da shi. A cikin cokalin akwai ɗan dunƙulen zaiba da zinare, bai wuce ƙwayar wake ba. Bibi na gefe, ta matse hannuwanta biyu tsakanin gwiwoyi don kada su yi ta rawa.

"Rufe mini ƙofa, Baban Minza," in ji ta. "Iska za ta kwashe mini abincin gobe."

"Minza, ajiye cokalin nan ki fita."

"Baba, saura kaɗan ya yi ja."

Wannan maganar ta fi komai tayar mini da hankali. Yarinyar da ta san lokacin da zinare zai fito, ba yau ta fara ba. Na fizge ta na tura waje.

"Tun yaushe, Bibi?"

"Tun da hannuwan nan suka daina jin magana. Me ya same ta? Ga ta nan ta fi ka ƙiba."

Shekara goma sha ɗaya muna katanga ɗaya da Bibi Nkwimba. Aikinta ke nan tun kafin in zo garin. Ta samo ƙasar da aka niƙa daga ramukan haƙar zinare, ta wanke a kwano, ta zuba zaiba ta murza da hannu har ta kama zinaren, ta matse a tsumma, sannan ta ƙona. A ɗaki take ƙonawa, kamar yadda duk tsofaffin masu sana'ar suke yi, don iska ba ta barin garwashi ya tsaya, kuma idon mutane ba ya barin mai zinare ya yi barci. Matata Kabula tana kasuwa wurin kifinta tun safe, ni ina rumfa. Idan Minza ta taso makaranta, wurin Bibi take cin dafaffen rogo. Ita ta goya ta, ita ta yaye ta.

Sati biyu kafin wannan rana ni na ɗauki Bibi a bayan kekena zuwa ƙaramin asibitinmu, bayan ta faɗi a bakin rijiya. Nas ɗin, Sista Misoji, ta sa ta taɓa hancinta da yatsa. Yatsan ya je kunci, ya je leɓe. Ta sa ta taka layin siminti, ta kasa taku uku. Ta duba dasashinta da ya yi baƙi, ta tambayi sana'arta, sannan ta juyo gare ni.

"Kai mai gyaran keke ne ko? In ka matsa birki a hannu, waya ce ke kai saƙo wurin taya. Haka jiki yake. Ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, ya bi laka, ya bi jijiyoyi sirara har kan yatsa. Zaiba in ta ji wuta tashi take ta shiga iska, ba wari, ba launi. A shaƙe ta, ta bi jini ta hau kai ta zauna, tana cin wayoyin nan. Naka in sun lalace kana sayo sababbi. Waɗannan ba a sayar da su."

"Yara fa, Sista?"

"Nasu bai ma gama haɗuwa ba. Su ta fi yi wa ɓarna."

Bibi ta yi tsaki. Maganarta ta riga ta fara nauyi, amma ba ta rasa kaifi ba. "Yarinya, na fara ƙona zinare ba a haife ki ba. Da cokalin nan na ciyar da 'ya'ya uku, na binne miji. Tsufa ne. In kina da maganin tsufa ki ba ni, in babu ki bar ni in tafi."

A hanyarmu ta dawowa na roƙe ta kada ta ƙara kunna wutar nan Minza tana kusa. Ta ce in kula da ramin da ke gabana. Na ɗauka ta ji.

Don haka a wannan ranar na tsaya a tsakar gida na faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Minza ba za ta sake taka ɗakin nan ba, ko ana wuta ko ba a yi, domin Sista ta ce abin yana laƙewa a bango da rufi da shimfiɗa, ya yi ta fitowa in rana ta yi zafi.

Bayan kwana huɗu Bibi ta kwanta. Ƙafafu suka ƙi ɗaukarta, tari ya kama ta, don ruwa ma shaƙe ta yake yi. Kabula na kai mata kunu safe da yamma, ta toshe hanci da gyale saboda nacina. Ta ce in ta ɗauko cokali za ta ba ta, sai Bibi ta kau da kai. Da hannu biyu take riƙe kofin, rabi a baki rabi a zane. Matan coci suka zo addu'a, ɗaya ta ce ai wannan hannun mutum ne, an yi mata asiri saboda zinarenta. Bibi ta ce, "Wa zai ɓata kazarsa a kaina? Ku yi waƙarku ku tafi."

Kullum saƙo ɗaya Kabula ke kawo mini. "Ta ce a turo mata ƙawarta Minza."

"Ki ce mata zan ɗauko ta in kawo ta gindin mangwaro, su wuni tare."

"Ta ce ita ba buhun gawayi ba ce da za a ɗauka. Ta ce mara lafiya ake zuwa gaisarwa, ba shi ke fita ba."

"To shi ke nan."

"Luhende," ta kira ni da sunana, "matar nan mutuwa za ta yi."

"Na sani."

"Ka sani, kuma za ka iya kallon mutane bayan haka?"

Ban iya ba tun ma kafin ta mutu. Masu kawo faci suka ragu. Wata maƙwabciya ta ce a gabana, wai akwai mutanen da karatun aji bakwai ke hau musu kai. Minza ta daina yi mini magana, sai dai ta ajiye mini ruwa ta wuce. Ni kuwa ina zaune a rumfa, ina ɗaure waya, ina lissafin shekarun da ta yi tana shiga ɗakin nan. Sau biyu na tashi da niyyar in ce ta shiga na minti ɗaya kawai. Sai in tuna yatsan Bibi yana neman hancinta, in koma in zauna.

Ranar Lahadi ta biyu da kwanciyarta, da hantsi, ina wanke sarƙa a tsakar gida, na ji ƙofarta ta yi ƙara. Ga Bibi a tsaye, ta dafa dokin ƙofa, ta ɗaura zanenta na coci a karkace. Ta rame har na ga ƙashin wuyanta. Na zabura zan tare ta.

"Ka taɓa ni, Baban Minza, in koma ciki."

Na tsaya. Daga ƙofarta zuwa gindin mangwaro bai fi taku goma sha biyar ba. Ta buɗe ƙafafu kamar mai tsallaka rafi, ta bi katanga, ta kama igiyar shanya, ta kama turmi. Kanta yana kaɗawa, miyau na zuba ba ta goge ba. Ina biye da ita a baya, hannuwana a buɗe, ban taɓa ta ba. Da ta isa, ba zama ta yi ba, zubewa ta yi a kan benci. Minza ta fito da gudu ta faɗa jikinta.

"A hankali, ƙawata, za ki karya ni. Ubanki ya ce ɗakina na cizo."

"Bibi, kin warke?"

"Kin ga alama? Ke, wa ya yi miki wannan kitson? Uwarki kifi ta iya, ba kai ba."

Suka zauna har rana ta take. Rabin maganarta ba na ganewa, amma Minza na ganewa, tana dariya. Can Bibi ta ce ta je ta ɗebo mata ruwa. Da yarinyar ta ba da baya, ta fara kokawa da bakin zanenta. Ta daɗe kafin ƙullin ya kwance. Makullin ɗakinta ne. Ta miƙo, yana ta kaɗawa a iska har na kama.

"In na tafi ka rufe. Kada matan nan su cika mini ɗaki da jarirai."

"Bibi..."

"Ba don maganar Sistarka ba. Kwanukana ba a wanke suke ba, ba na son gulma."

Komawa kam ta yarda na ɗauke ta, amma ta ce in na faɗa wa wani za ta ƙaryata ni. Ba ta fi nauyin keken yara ba.

Ta cika ranar Laraba da la'asar, Kabula na riƙe da kanta. Da aka fito da ita aka kai gidan ƙanwarta don wanka, na ja ƙofar na sa makulli, na ƙara da sarƙar keke da kwaɗo. Washegari ɗanta Shija ya iso daga garin Kahama, ya tarar da mata sun yi cirko-cirko da tabarminsu da goyonsu. A al'adarmu a ɗakin mamaciya mata ke zaman makoki kwana uku.

"Malam, ɗakin uwarka ne ko na uwata?"

"Na taka ne. Ita ta ba ni makullin."

"Ba ni."

"Bayan kwana uku zan ba ka, ka shiga kai kaɗai. Yaro ba zai kwana a ciki ba ina raye."

Ya cakumi wuyan rigata. Ban ɗaga hannu ba, ban kuma matsa daga bakin ƙofar ba. Kabula ce ta ratsa tsakanin matan, ta ɗauki tabarmar farko ta shimfiɗa a ƙofar ɗakinmu, ta zauna ta fara kuka. Ɗaya bayan ɗaya suka bi ta. Shija bai sake kallona ba har aka watse.

Bayan sati na kai Minza wurin Sista Misoji. Ta tambaye ta sau nawa ta riƙe cokalin. Minza ta ce ba ta ƙirga ba, amma tun tana aji biyu. Sista ta karɓi fitsarinta a 'yar kwalba ta ce za a aika birnin Mwanza, don nan ba su da na'urar. Na ce in an samu fa? Ta ce wasu yaran jikinsu na fitar da ita a hankali in an raba su da hayaƙin, wasu kuma sai an shekara biyu ko uku ake ganin abin da ta taɓa. Ba ta ce mini komai zai yi daidai ba.

Yau wata biyu ke nan. Yanzu a rumfata Minza ke yin aikin makaranta, a kan akwatin kayan aiki, ta lanƙwashe ƙafa ɗaya, harshe a waje. Ina manna faci, idona na kan bakin fensirinta yana tafiya a kan layi. Takardar Mwanza ba ta zo ba. Har yanzu ban san nawa ne ya shiga kan 'yata ba, kuma ban san ko zai fita ba.