Gaisuwar Gwaggo Harira

Aziza na cikin jera littattafai a ƙarƙashin kwamfuta don ta ɗago daidai fuskarta, sai ga Umma ta leƙo falo riƙe da ludayi.

"To, in wani ya zo me zan ce?"

"Ki ce ba na nan."

"Ƙarya da sanyin safiya? Zan dai ce kina da baƙi."

"Umma, don Allah ko kaza kada ta shigo."

Umma ta ja ƙofa tana dariya, ta ɗauki 'yar kujerarta ta kafa a bakin zaure kamar mai gadi.

Yau ce ganawa ta ƙarshe da bankin da take neman shiga, kuma ta kwamfuta za a yi ta. Bankin a Legas yake, kuma ba irin wanda ake bin layi a cire kuɗi ba ne. Bankin zuba jari ne, mai ba manyan kamfanoni shawara in za su nemi jari ko su haɗe da juna. Duk shekara sukan ɗauki ɗalibai ƙalilan su horar da su na 'yan watanni, wanda ya yi ƙoƙari kuwa a nan yake samun aiki. Kusan kullum 'yan manyan jami'o'i ake ɗauka. Jami'ar Aziza kuwa, ko a nan unguwarsu Badarawa, cikin Kaduna, ta faɗi sunanta sai an ce, "A wane gari take?"

Jarrabawar rubutu ba ta ba ta wahala ba. Ganawar farko ce ta kusa kayar da ita. Matar da ta kira ta bayan nan ta gaya mata gaskiya: lissafinta babu laifi, amma ta koyi kallon mutane cikin ido, ta kuma koyi faɗin abin da ta iya. Abubuwa biyu ke nan da aka rene ta a kan kada ta yi su a gaban manya. Shi ya sa ta manna ɗan jan ƙyalle kusa da idon kyamara don ta riƙa tuna inda za ta kalla.

Fuskoki biyu suka bayyana a gilashin kwamfutar. Misis Bankole, shugabar sashen, da tabarau a kan karan hanci, babu alamar murmushi. Sai wani matashi, Mista Okoro, mai yawan gyaɗa kai. Da Turanci aka fara. Suka tambaye ta yadda ake ƙiyasta darajar kamfani, ta amsa. Suka juya tambayar ta wata fuska, ta bi su. Har ta fara jin numfashinta ya daidaita.

Sai Misis Bankole ta cire tabarau.

"Muna da masu nema daga Ingila, daga Ibadan, daga Zariya. Jami'arki sai da na bincika kafin na san tana nan. Me ya sa za mu ɗauke ki mu bar su?"

Aziza ta haddace amsar nan. Ta maimaita ta a gaban madubi, ta maimaita ta a cikin Keke Napep. Da "Ni ce" take farawa. Ta buɗe baki, kalmomin suka maƙale. Idonta ya zame daga jan ƙyallen ya sauka kan yatsunta.

"Salamu alaikum! Ina masu gidan?"

Ƙofa ta buɗe. Gwaggo Harira ce, yayar Baba, tun daga Rigasa, da ƙatuwar jaka a hammata. Umma na bayanta tana murza hannu. Wa ya isa ya tare yayar miji a ƙofar gidan ƙaninta?

Aziza ba ta yi shawara da kowa ba, har da kanta. Gwiwoyinta ne suka yanke hukunci. Kafin ta ankara ta zame daga kujera ta durƙusa.

"Gwaggo, ina kwana? An zo lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ya karatu?"

"Alhamdu lillahi. Ya mutanen Rigasa?"

"Suna gaishe ku."

"Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, sai dai in na hau mashin."

Daga saman tebur wata murya ta ce, "Aziza? Kina jin mu?"

Sai a lokacin ta tuna. Mutanen Legas ba abin da suke gani sai kujera babu kowa da kalandar bango.

"Au, a cikin nan baƙin suke?" in ji Gwaggo. Ta ajiye jaka ta zauna daram a kujerar, ta kai fuskarta dab da gilashin. "Uwarki ta ce kina da baƙi, na ce ai baƙin ɗiyata baƙina ne. Sannunku da zuwa! Ya hanya? Ke, an ba su ruwa kuwa?"

Mista Okoro ya rufe baki da hannu. Aziza ta miƙe ta sunkuyo ta gefen kafaɗar Gwaggo tana ba da haƙuri.

"Wace ce wannan?" Misis Bankole ta tambaya.

"Yayar mahaifina ce. Gaishe ku take yi."

Gwaggo ta ja mayafin Aziza. "Su wane ne?"

Aziza ta yi mata bayani ƙasa-ƙasa, cewa su ne za su duba ko ta dace su ɗauke ta.

"To ai ni za su tambaya! Ke in an bar ki sai gobe ba ki ce komai ba." Ta gyara zama, ta fara.

"Fassara mana," in ji Misis Bankole. "Duka."

"Ku dai ku sani," Gwaggo ta ce, "yarinyar nan magana sai an ciro ta da ƙugiya. Tuwonta kuwa duk gudaji."

Aziza na iya cewa Gwaggo na yi musu fatan alheri, wa zai sani? Ta dubi jan ƙyallen.

"Ta ce ba ni da yawan magana. Ta ce kuma ban iya tuwo ba."

Dariyar Mista Okoro ta kufce.

"Amma ido!" Gwaggo ta ɗaga yatsa. "Bara wata Hajiya ta zo min da daɗin baki, wai mu haɗa shagona na kulolin abinci da nata a Babbar Kasuwa. Shagonta cike, kwalaye har rufi. Har na ce to. Yarinyar nan ta ce in dakata. Ta je ta zauna a shagon kamar kujera, ana ta hira a kanta, ba wanda ya kula da ita. Ta dawo ta ce, 'Gwaggo, in an kunna fanka kwalayen saman nan rawa suke yi. Kwalin da ke da kula a ciki ba ya rawa.' Wallahi da aka sauke su, iska ce zalla!"

Aziza ta shiga fassarawa. Abin mamaki, harshenta ya saki. "Ta ce" ba ta da nauyin "Ni ce". Labarin wata yarinya kawai take bayarwa, kuma ta san labarin sarai. Har ta ƙara da abin da Gwaggo ta manta: cewa masu shigowa shagon da yawa hira ce ke kawo su, su fita hannu wofi, kuma dillalin da ke kawo wa Hajiyar kaya ya daina tsayawa a ƙofarta, sai dai ya ɗaga hannu daga nesa. Idonta na kan jan ƙyallen har ta dasa aya.

Misis Bankole ta mayar da tabaranta. Sannan ta buɗe baki da Hausa tsantsa, irin ta cikin Kaduna.

"Gwaggo, mun gode. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "La ila! 'Yar gida ce?"

"A Tudun Wada aka haife ni. Babana tela ne." Ta juya ga Aziza, ta koma Turanci, fuskar nan a ɗaure kamar da. "Za ki ji daga gare mu."

Gilashin ya yi duhu.

Aziza ta wuni ba ta iya cin abinci ba. Ashe duk abin nan matar na ji, har gudajin tuwon. Ta ɓace daga gaban shugabar sashe ana tsakiyar tambaya, ta bar tsohuwa ta hau kujerarta. 'Yan Ingila ba za su yi haka ba. Umma sai haƙuri take ba ta, Gwaggo kuwa ta miƙe ƙafa a tabarma tana cin ɗanwake, tana cewa ita ba ta ga abin damuwa ba, mutanen kirki ne, sai dai namijin ya cika dariya.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Lambar Legas. Aziza ta shige ɗaki da gudu.

"Aziza, Misis Bankole ce." Da Hausa take magana. "Aikinmu a nan shi ne mu gano kwalin da ke rawa, mu kuma gaya wa mai kuɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba. Farkon wata za ki fara. Amma Gwaggo ba za ta biyo ki Legas ba, ke za ki riƙa yi wa kanki magana."

"Na gode, Ma. Na gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri."

"Amin." Sai ta ƙara da cewa, "Ina fata dai ba a durƙushe kike ba?"

Aziza ta sunkuyar da kai. Ga gwiwoyinta biyu a kan ledar ɗaki, ba ta ma san lokacin da suka sauka ba.

"A durƙushe nake, Ma."

A karo na farko ta ji dariyar matar.