Injin Kawu a Cikin Ginzo

Ranar Talata ce, ƙarshen bazara. Rana ta buɗe tun hantsi, ko iska babu. A samanmu babu gajimare, sai can cikin birni, wajen hasumiyar Gobarau, da hadari ya ɗan yi duhu.

Lambuna yana gaɓar Ginzo, rafin da ke kwaso ruwan kwatocin birni ya fito da shi bayan gari. Baƙi ne, yana wari, amma da shi muke ban-ruwa. Balbelu na yini a bakinsa suna tsintar tsutsa, damo na shan rana a kan tsofaffin tayoyi, kacalla ta rufe gefe guda har ta fi ni tsawo.

Filin na Kawu Gwadabe ne, yayan mahaifiyata. Tun da na bar makaranta a aji biyu na taɓa acaɓa, na taɓa faci, na taɓa gyaran waya, babu inda na cika wata huɗu. Da ya ba ni fili da injin ban-ruwa, cewa ya yi, "Sammani, ka kai wannan noman rani ƙarshe, wuri ya zama naka. In ka watsar, ni ma na gaji."

Masu lambu suna da ƙa'ida: ranar da shamuwa ta sauka kan gawon bakin gada, kowa zai kwashe kayansa daga cikin rafi ya hau tudu. Ta sauka kwana shida da suka wuce. Kowa ya hau, ban da ni. Na dasa kabejina a ƙasa, inda laka ta fi kyau, kuma bai gama ƙulla kai ba. Kwana goma kawai nake nema. Saboda ɓarayi na ɗaure injin da sarƙa a saiwar giyayya, na ɓoye makullin ƙarƙashin wani dutse a gindin rafi.

Bayan azahar ina cire ciyawa, balbelu suka tashi gaba ɗaya. Ledoji suka fara wucewa da sauri, sai robobi, sai mushen kaza. Ɗigo ɗaya bai sauka a kanmu ba. A birni aka yi ruwan.

Kawu ya leƙo daga kan tudu. "Kai, sarkin noma, hawo. Ruwan gari ne."

"Injin, Kawu."

"To kwance shi mana."

Na ruga wurin dutsen. Ruwa ya riga ya shanye shi. Na durƙusa ina lalube cikin baƙin ruwa, ina ɗaga duk dutsen da hannuna ya taɓa. Kwalba ta yanke ni a tafi. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Na koma na kama sarƙar ina fizga, na sa fartanya ina sarar saiwar, tana dawo mini kamar ƙarfe.

"Bar shi," in ji Kawu. "Me zan je in ce wa uwarka?"

"Saura kaɗan."

"Saura kaɗan ka mutu. Sammani, da kai nake."

Wani kututture ya bugi ƙafata, na faɗi, na sha ruwan. Sandar Kawu na kama, ya jawo ni. Muka zauna kan tudu ina amai, muna kallon kawunan kabeji suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Injin ya yi ta jan sarƙarsa har mariƙinsa da na zarga sarƙar ya karye, ruwa ya tafi da shi.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya yagi rawaninsa ya ɗaure mini tafi, ya duba ɗaurin sosai.

"Gobe ka kawo mini buhunana da ke wurinka," ya ce. "Zan sa ɗana Babaji a filin."

Abin da ya tafi ran nan: fangalin kabeji goma sha huɗu, na latas uku, tiyo biyu, fartanya, inji ɗaya, da filin.