Jan Ɗigo a Rufin Gidan Ramatu

Abin ya soma ne ranar Talata da hantsi, lokacin da Mahbuba ta haska taswirarta a bangon wani zauren taro a Illela.

Shekara ɗaya da rabi ke nan tana karatun digiri na biyu a fannin zana taswira da nazarin wurare domin kiwon lafiyar al'umma. Aikinta na kammalawa a kan tarin fuka ne: ina masu cutar suke zaune, kuma wace tazara ce tsakaninsu da wurin karɓar magani. Gida arba'in da ɗaya ta shiga da ƙafarta, ta ɗauki lambobin wurin kowanne da wayarta, kuma a kowace ƙofa ta yi alkawarin cewa ba wanda zai sani.

Tun zangon farko aka koya musu ƙa'ida. Kafin a nuna wa jama'a taswirar marasa lafiya, wajibi ne a sa kwamfuta ta gusar da kowane ɗigo daga ainihin wurinsa. Ta yi hakan. Amma da ta duba, sai ta tarar ɗigo ɗaya ya faɗa tsakiyar kara inda ake cinikin shanu, biyu sun tsallaka iyaka sun nufi Konni, cunkoson da ta gano a bayan tasha kuma ya watse. Wa zai yarda a buɗe wurin ba da magani a can da irin wannan taswira? Sai ta ɗora ɗigon ainihi a kan hoton tauraron ɗan'adam. Ai babu suna ko ɗaya, in ji zuciyarta.

Tana cikin bayani ga ma'aikatan lafiya da masu unguwanni, sai Alhaji Halliru, wakilin direbobi, ya miƙe ya matso kusa da bango.

"Malama, ɗan ƙara girman wanga wuri."

Ta ƙara, har tana jin daɗin an samu mai bin zancen.

"Yawwa. Ga tasha, ga lungun masu faci. To wanga rufi shuɗi mai itacen bedi biyu a ƙofa, ai gidan Ramatu mai tuwo na." Ya juyo yana murmushi. "Ashe karatun taswira ba shi da wuya."

Aka yi 'yar dariya, ba ta daɗe ba. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ma murmushin nasa bai jima ba. Mahbuba ta ga wayoyi uku ko huɗu a sama, ana ɗaukar hoton taswirar. Ta yi sauri ta canza shafi, ta ƙarasa jawabin da muryar da ita kanta ba ta gane ba. Aka tafa mata. Shugaban taron ya ce bai taɓa ganin hujja mai ƙarfin wannan ba.

Da ta yi sallar azahar ba ta iya tuna surar da ta karanta ba. Tana sallamewa ta gyara hijabinta, ta tsayar da ɗan kabu-kabu, ta ce tasha.

A irin wannan lokaci benci uku na rumfar Ramatu ba su isar direbobin Konni da 'yan canji. Yau babu kowa a kansu. Tukunyar tuwon shinkafa tana nan a cike, miya tana tsuke kanta a kan garwashi. Rumfar da ke kallonta kuwa har a tsaye ake ci.

"Sannu da aiki, Inna."

"Wane aiki? Zauna, ɗiyata, yau wuri ba shi da tsada." Ramatu ta nuna mata benci da muciya. "An ce hoton gidanmu ya shiga waya. Har rigar ɗana Lawwali da an ka shanya an ce ana gani."

Mahbuba ta durƙusa a gabanta maimakon ta zauna. "Laifina ne, Inna. Wallahi ban rubuta suna ba."

"Mi za a yi da suna ga wanda ya san ƙofa? Tun kan a haihe ki nike tuƙa tuwo nan. Alhaji Halliru da ya nuna rufin, a wanga benci ya tsufa."

"Zan koma in yi musu bayani. Wata huɗu kike shan magani, likita ya tabbatar ba ki sa wa kowa."

"Likita ba shi cin tuwo nan." Ta ɗaga murfin tukunya, ta duba, ta mayar. "Ba ke ce kin ka zauna bisa tabarmata ba? Na ce miki ko surukata ba ta sani ba. Da lulluɓi nike zuwa karɓar ƙwayar, kamar mai zuwa sata. Kin ka ce amana ce."

Wani direba ya nufo rumfar bisa sabo, abokinsa ya ja hannun rigarsa ya raɗa masa magana, suka karkata.

"Mu nawa muke cikin hoton?" Ramatu ta tambaya.

"Arba'in da ɗaya."

"Lahaula." Ta gyara garwashin miya. "Ni tsohuwa ce, kunyata ta kusa ƙarewa. Akwai masu ƙananan ɗiya ciki?"

"Akwai. Yanzu zan bi su gida-gida in roƙi gafara."

"Kada ki kuskura." A karon farko muryar Ramatu ta yi kaifi. "Garin nan duk ya san hijabinki yanzu. Ƙofar da kin ka tsaya, kin gama da ita. Wanda ba a gane ba a hoto, ƙafarki za ta nuna shi. Tashi ma daga nan, ana kallonmu."

Mahbuba ta tashi. Ta taka har bayan tasha inda ƙarar babura ta ragu, ta jingina da katangar wani shago. Wayarta ta yi ƙara. Malamin da ke duba aikinta ne, Dokta Sharafuddeen, daga Sakkwato.

"Mahbuba, barka. Yanzu shugaban taron ya kira ni yana ta yabo. Ya ce za su duba batun buɗe wurin magani a bayan tasha. Ki turo mini babi na huɗu, mu sa ranar kare aikinki kafin ƙarshen wata."

A cikin waɗanda suka halarci taron babu wanda ya san akwai ƙa'idar da aka karya. Idan ta musanya taswirar da ke cikin babin da wadda aka gusar, jami'a ba za ta taɓa ji ba. Idan kuwa ta faɗa, maganar za ta je gaban kwamitin ɗa'ar bincike, kuma ta san suna iya soke aikin tun daga tushe. Su ne kuma kaɗai suke da ikon rubuta wa mahalarta taron su goge hotunan, su kuma turo ma'aikacin lafiyar da direbobi za su saurara.

"Kina ji na?"

"Ina ji, Malam. Ba zan turo babin ba. Taswirar da na nuna yau ta ainihi ce, ban gusar da ɗigon ba, kuma da sanina na yi. An gane gida ɗaya a gaban jama'a. Gobe da safe zan zo in rubuta wa kwamiti da hannuna."