Sojan Ulu

Haƙoran ne suka fi ba Yelwa wahala. Sau uku tana warware su, domin sojan da ke hoton ya yage baki ne kamar zai yi cizo, nata kuwa sai ya fito yana murmushi.

Dibora, mai shagon kayan ado a Sabon Gari, ita ta nuna mata hoton a waya, ta ba ta ulu ja da baƙi da fari.

"Turawa da katako suke yinsa, su riƙa fasa ƙwaya mai taurin ɓawo da bakinsa," in ji ta. "Ni na ado nake so saboda Kirsimeti. In ya yi kyau, Inna Yelwa, matan cocinmu duk za su so."

Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a ƙasar Tsafe, Yelwa take zaune a wani kango a Gusau da jikokinta biyu. Wannan ne aikin farko da wani ya yarda ya ba ta. Kwana tara ta yi tana saƙa, idanunta na ruwa, kafin ta cusa masa auduga ya miƙe tsaye: jar riga, doguwar baƙar hula, farin gemu.

* * *

Ranar da ta gama, motar Hajiya Wasila, mai gidauniyar tallafa wa mata, ta tsaya a ƙofar kangon. Hajiya ta hango sojan a hannun Yelwa.

"Gobe muna bikin yaye ɗalibai. Ki zo da wannan, Inna, a gani kawai."

Yelwa ba ta taɓa zama ɗalibar kowa ba, a wajen mahaifiyarta ta koyi saƙa. Amma an ce za a raba abinci, sai ta je.

Aka jera ta da wasu mata a rumfa, aka ba kowace ƙullin ulu da tsinken saƙa ta riƙe. Hajiya ta ɗaga sojan sama, ta ce a lasifika, "Wata uku da suka wuce, baiwar Allahn nan ko riƙon tsinke ba ta iya ba!" Aka tafa. Sai ta miƙa shi ga matar babban baƙo, ita kuma ta ba direbanta.

Da masu hoto suka watse aka bi layi aka karɓe ulun da tsinkayen. Kowace ta samu taliya ɗaya da sabulu.

"Hajiya, sojan nan na mutane ne," in ji Yelwa.

"Haba Inna, sai ki saƙa wani. A talabijin fa za ki fito."

* * *

Da ƙafa Yelwa ta je Sabon Gari. Dibora ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce:

"Saura kwana biyar Kirsimeti, kuma jan ulun ya ƙare. Bari kawai, Inna. Ki huta."

Da faɗa ta yi mata, da ya fi sauƙi.

Bayan la'asar Yelwa ta kwance ƙullin kayanta, ta ciro jar rigar sanyin da ta gudo da ita a jikinta. Ta sa haƙori ta tsinke bakin hannun, ta fara ja. Zaren na fitowa a lanƙwashe, da ƙaurin hayaƙin gida har yanzu a jikinsa, tana naɗe shi a hankali a kan yatsu biyu.