Bindigar da Ba Ta Cin Harsashin Gida

Bindigar da ke tankar Kofur Pickersgill tana da tsirfa. A ƙasar Cek aka zana ta, aka ƙera ta a Ingila cikin gaggawar yaƙi, ba wanda ya sami sukunin sauya mata baki. Saboda haka harsashi irin na Jamus kaɗai take ci.

Ran nan a hamadar Libiya motar kaya ta sauke musu akwati goma na harsashin sojan ƙasa, irin na Ingila, ta juya abinta. Ko ɗaya bai shiga ba. Ga shi ƙarfe uku za su kai hari, kuma tankar da ba ta da jigidar harsashi, sojan ƙasa na abokan gaba kan zo su liƙa mata bam su koma.

Saje Ackroyd ya kurɓi shayinsa. "To, uwargidanka ta ƙi tuwon gida. Ga ramin Jamusawan da muka fasa jiya can. Je ka roƙo mata a maƙwabta."

"Ni kaɗai, Saje?"

"A'a, bari in kira maka 'yan badujala su raka ka."

Tafiyar mil guda ce cikin rana. A ramin ya tarar da gawa uku da akwatin harsashi cike taf. Ya sunkuya zai ɗauka, sai gawa ɗaya ta buɗe ido. Dattijo ne mai furfura, ƙafarsa a ragargaje. Pickersgill ya ba shi ruwan gorarsa, ya shanye tas.

Ya ɗaga mutumin ya ji nauyinsa, ya ɗaga akwatin. Bayansa ba zai ɗauki biyu ba, lokaci kuma ba zai isa sawu biyu ba. Mutum huɗu na jiransa a tanka. Dattijon ya dubi akwatin, ya dubi yamma inda 'yan'uwansa suke.

"Zan dawo, baba," in ji Pickersgill. Kunya ta kama shi har wuya.

Ya saɓa akwatin ya koma tanka, suka zauna suna zare harsasan ɗaya-ɗaya suna jerawa a jigidarsu. Aka yi harin, su biyar suka fito da ransu.

Da la'asar sakaliya ya cika gora biyu ya koma, ya tarar da gawa uku. Ya zauna a bakin ramin da ruwan a hannu, ya rasa wanda zai ba.