Ranar da Ɗan Kwatano Ya Tsage

Duk wanda ya yi wayo a unguwar su Haliru Direba da ke Lolo ya san Ɗan Kwatano. Ba mutum ba ne. Ƙwallo ne baƙi mai sheƙi, ya kai girman kan babban mutum, nauyinsa kuwa sai ka yi bisimilla ka sa hannu biyu. A jikinsa akwai huda uku inda ake zura yatsu. Haliru ya tsince shi ne a but ɗin wata mota, zamanin da yake ɗauko motocin Beljiyam daga Kwatano yana shigo da su ta iyaka. Mai motar ya ce shi dai ba ya so, kada a je asiri ne. Haliru kuwa, da ba a raba shi da kwashe-kwashe, ya naɗe abinsa a tsohon bargo ya kawo gida.

Matarsa Mairama ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Malam, maza na kawo wa matansu atamfa da turare, kai ka kawo mini dutse."

A tafiya ta gaba ya ga yadda Turawa ke wasa da irinsa a talabijin ɗin wani masauki, ya dawo da ilimi cike da baki. Ya bi gida gida yana roƙon karyayyun taɓare, ya kai wa masassaƙi aka yanke su guntu-guntu aka daidaita musu gindi. Ya sa aka daɓe masa doguwar hanya a ƙofar gida, ƙarƙashin dogon yaro. Hudojin sun yi masa kaɗan, don yatsun Haliru kamar rogo suke, sai ya zauna ya faɗaɗa su da magagari har suka yi daidai da hannunsa.

Kai, an yi zamani! Duk ranar kasuwa, da an idar da la'asar, ƙofar gidan nan ba masaka tsinke. A jera taɓare can ƙarshen daɓe, mutum ya zura yatsu, ya yi taku, ya gangaro da ƙwallo. Dillalan shinkafa, masu kifi, direbobin Kamba, har jami'an kwastan da suka tashi aiki, kowa sai ya gwada sa'arsa. Amma wasa na gaske tsakanin mutum biyu yake, Haliru da Ango. Ango mutumin Dandi ne daga Madikali, can ƙetaren iyaka a ƙasar Benin, sana'arsa gyaran jiragen ruwa a bakin Kwara. Siriri ne, ga baki kamar reza. In ya kayar da taɓare duka, sai ya yi wa Haliru ba'a da Hausa, ya maimaita da Dandanci don kada wani ya ce bai ji ba. Mairama ta sha dama musu kunun tsamiya cikin babbar ƙwarya, tana mita, tana ƙara sukari.

Sannu a hankali abubuwa suka ja baya. Aka hana shigo da motoci ta ƙasa, direbobi suka watse, wasu suka riga mu gidan gaskiya. 'Yarsu Bashira ta yi aure a Geza, gida ya rage daga tsoho sai tsohuwa. Amma ko da ya zama su biyu ne kawai da 'yan kallo, Haliru da Ango ba su fasa ba.

Sai bara, bayan girbin shinkafa, Haliru ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Aka yi jinya, Allah Ya sa da sauran kwana. Likita ya ce ƙafa za ta ɗauke shi in ya dogara sanda, hannu ma zai dawo gwargwado, da sharaɗin ya riƙa tafiya, ya riƙa motsa shi. To, a nan gizo ke saƙa. Mutumin da ya saba cika fili da murya, yau in ya yi magana sai miyau ya zubo. Haliru ya shiga ɗaki ya ja labule. Ban da kewayawa, ba abin da ke fito da shi, salla ma a ciki. Ango ya zo, ya sake zuwa, kullum sai a ce masa barci yake.

Mairama na ganin hannun nan yana ƙanƙancewa, mutumin yana shiru yana ƙara shiru. Tsoro take ji ƙwarai. Ta san in bai fito daga ɗakin nan ba, ba ciwon ne zai kashe shi ba, zaman ne.

Ran nan cikin bazara tana shara ta hango Ɗan Kwatano a ƙarƙashin gado, inda yake tun ranar da mai shi ya kwanta, ya yi futu-futu da ƙura. Dabara ta faɗo mata. Za ta gyara shi ya yi ƙyalli, ta ajiye inda idon Malam zai riƙa sauka a kansa, ko zuciyarsa ta motsa. Ta yi masa yadda uwarta ta koya mata a yi wa akushi da sabon turmi: ta mulke shi da man kaɗe, ta kai shi tsakar gida ta ajiye a rana don ya sha man sosai. Ranar bazarar Lolo kuwa, wadda ko ƙadangare ke neman inuwa.

Da ta idar da azahar ta je ɗauka, ta janye hannu da sauri. Ya yi zafi zau, ga wani maiƙo yana tsattsafowa daga jikinsa kamar gumi. Tausayi ya kama ta, sai ka ce jariri ta manta a rana. Ta ruga ta cika moɗa da ruwan randa mai sanyi ta kwara masa.

Ƙas!

Ƙarar ba ta da yawa, amma ta ji ta har cikin haƙoranta. Tsaga ta tashi daga hudar babban yatsa, ta ratsa tsakanin sauran biyun, ta yi tafiyar kusan taƙi guda. Mairama ta zauna daɓas a ƙasa. Garin neman gira ta rasa ido. Ta rufe shi da kwando, ta yi kwanaki tana kai abinci ɗaki ba ta iya haɗa ido da maigidan.

Da ranar kasuwa ta zagayo, ta sa ƙwallon a daro, ta rufa masa zane, ta ɗora a ka. Tsohuwa da wannan kaya, wuyanta ya gaya mata. Ta sami Ango a bakin ruwa yana cusa ƙyalle da kwalta a tsagar wani jirgi.

"Uwargida, ke ce da kanki? Lafiya dai? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Malam Ango. Ɓarna na yi."

Ta yaye zanen. Ango ya daɗe yana kallo, ya bi tsagar da farce. Da ta ba shi labarin man kaɗe da ruwan randa, ya so ya yi dariya, ya ga idonta, ya haɗiye.

"Wanga abu ba icce ba ne, Uwargida, ba shi son mai, ba shi son rana. Kuma ba jiki guda gare shi ba. Kin ga goruba? Da ɓawo, da ƙwallo a ciki. Rana ta kumbura su duka, kika zuba ruwa, ɓawon ya tsuke, cikin bai tsuke ba. Dole ɗaya ya ba da hanya. Amma kada ki ɗauki laifin duka. Mai shi ya cinye tsakanin hudojin nan da magagari, wurin ya yi rauni tun tuni. Ga shi an bar shi wata da watanni kan gefe guda. Inuwa yake so, da busasshen ƙyalle, a riƙa juya shi lokaci-lokaci."

"Zai gyaru?"

"Zai liƙu. Ba zan ce miki zai koma kamar da ba. Zan huda ƙarshen tsagar don ta daina tafiya, in kankare maiƙon, in cika ta da gam ɗin nan mai haɗi biyu da muke liƙe tanki da shi. In ya bushe a goge da sanfefa." Ya juya ƙwallon. "Sai dai tsagar ta bi ta cikin hudojin. In na cika su, sai an gwada da yatsun mai shi kafin gam ya kama. Ba ni yin aikin ga sai da hannunsa."

"Ka san ba shi fitowa."

"Na sani. Mu je dai."

Suka iso gida da la'asar sakaliya. Ango ya shimfiɗa buzunsa a zaure, ya baje kayan aiki. Mairama ta shiga ciki. Ta durƙusa bakin gado ta faɗi abin da ta yi, ba ta rage komai ba.

Haliru ya juyo da kai a hankali. Rabon da ta ga wuta a idon nan tun kafin ya faɗi.

"Ruwa?" ya ce, harshen yana ja. "Ruwan randa? Wa ya aike ki?"

"Ba kowa, Malam. Ka yi haƙuri. Ga Malam Ango can a zaure zai gyara, amma ya ce sai da hannunka."

"Ya shigo."

Ta koma ta faɗa. Ango ya ɗaga murya yadda ko maƙwabta sai sun ji.

"Ni? Tun muna da baƙin gashi nake zuwa gidan ga, ban taɓa wuce zaure ba. Ba yau zan fara keta gidan mutum da furfura ba. Aiki kuma a nan haske yake."

Haliru ya ce a gaya masa ya tafi da abinsa. Ya juya fuska bango.

Shi ke nan, in ji Mairama a ranta, ta fasa ƙwallo a banza, ta kuma ƙara masa baƙin ciki. Ta tsaya tsakar gida hawaye na zuba, ba ta ko share su ba. Daga zaure aka fara jin ƙarar mahudi yana cin ƙwallo, sai kuma kankara. Ango na aiki yana magana shi kaɗai, irin maganar da ake yi don bango ya kai.

"To, madalla. Tunda mai shi ya sallama, sai in gwada da nawa yatsu. Dama hudojin sun yi mini yawa, shi ya sa wani ke samun sa'ata jefi-jefi. In tsuke su daidai hannuna, in kai shi Madikali. Can ma muna da taɓare. In an tambaye ni, in ce gado na ci tun mai shi na numfashi."

Can sai gado ya yi ƙara.

Mairama ta waiwaya. Labule ya motsa, kan sanda ya leƙo, sai ga Haliru a bakin ƙofa, rana ta sa ya runtse ido. Ya rame, riga ta yi masa yawa, hula a karkace. Ta yunƙura za ta tallafe shi, ya harare ta, ta ja da baya. Ya jefa sanda gaba, ya jawo ƙafar dama, ya huta. Ya sake. Tsakar gidan da yake ratsawa kafin ka ƙifta ido, yau ta zame masa tafiyar Kwatano. Gumi ya jiƙa masa wuya. Tana biye da shi a baya, hannuwanta a buɗe, ba ta taɓa shi ba, bakinta na ta addu'a.

Da ya kai zaure ya dafa bango yana haki. Ango ko ɗaga kai bai yi ba. Bai ce sannu ba, bai dubi bakin ba, bai tambayi jiki ba. Yana dai cakuɗa gam a kan murfin gwangwani.

"Ka makara, kamar kullum. Zauna. Kawo hannun."

"Ɓarawo," in ji Haliru. Kalmar ta fito a karkace, amma ta fito.

"Na ji. Uwargida, riƙe mana shi kan gammo kada ya motsa."

Ta durƙusa ta riƙe. Ango ya cika tsagar, ya shafe cikin hudojin, ya naɗa wa yatsun Haliru 'yar leda. Sannan ya kama hannun nan da ya ƙanƙance, ya miƙe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya zura su. Haliru ya cije leɓe don zafi.

"Matsa," in ji Ango. "Ba ni ne zan matsa maka ba."

Mairama na kallo, jijiyar bayan hannun ta tashi. Yatsun suka yi rawa, suka lanƙwashe kaɗan, suka kama.

Lokacin kuwa kasuwa ta fara watsewa, hanya ta cika da masu komawa. Wani mai kifi ya leƙo don gaida Ango, ya yi turus. "A'a, Direba? Kai ne?" Haliru ya sunkuyar da kai, ya kai hannun hagu zai rufe baki. Ga yatsunsa na dama cikin ƙwallo, ba halin tashi.

"Shi ne," in ji Ango. "Shigo ka yi mana shaida, wai har yanzu yana ganin zai iya da ni."

"Ko da... hagu," Haliru ya ce, ya sauke hannun daga bakinsa. "Ko da hagu sai na kayar da kai."

Mai kifi ya fashe da dariya ya tuɓe takalmi. Ya ƙwala wa wani kira, wancan ya kira wani. Kafin a zare yatsun a ajiye ƙwallon a inuwa ya bushe, zauren ya cika, wasu na tsaye a waje suna miƙo hannu. Mairama ta ja mayafi ta miƙe za ta koma ciki, tunda wuri ya zama na maza.

"Mairama."

Ta tsaya. Ya goge gefen bakinsa da hannun riga, a gaban kowa, ba tare da ya ɓoye ba.

"Baƙi na tsaye. A ƙaro tabarma."