Lambar Sirrin Tsohuwar Na'ura

Ranar Talata aka ɗauke na'urar karɓar kuɗi ta shagona.

Ma'aikaciyar kamfanin ta iso da sabuwa a kwali, ta ajiye a kan tebur tsakanin ƙamus da kofin shayina. Ta yi mini bayani a tsanake, kamar mai lallashin majinyaci. Tsohuwar goga mata kati ake yi, ɓarayi kuma sun iya kwafar baƙin layin da ke bayansa. Sabuwar tura mata katin ake yi, ta karanta ɗan ƙarfen da ke jikinsa, wanda ba ya kwafuwa. Na ce mata ɓarawon da zai shigo shagon littattafai ya cancanci a ba shi kujera.

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce kafin ta tafi da tsohuwar sai an rufe ta da lambar sirrin mai shago.

Ban san lambar ba. Shekara goma sha ɗaya matata ce ke kunna na'urar kowace safiya, har farcenta ya cinye fentin maɓallan. Tun da ta rasu ban yarda na'urar ta mutu ba, kuma ba na so a raba ni da ita. Na gwada ranar aurenmu, ina fatan ta ƙi. Ta ƙi. Ranar haihuwata ma haka.

"Baba, saura gwaji ɗaya," in ji ma'aikaciyar. "Ko ta kulle kanta zan tafi da ita, takardun cikewa ne kawai za su ƙaru."

Sai na kira ƙanwar matata. Ta yi dariya har da tari.

"Malam, kai da ka karance duniya? Ai shekarar da ka rantse wa Yaya za ka gama rubuta littafinka ce. Ta ce babu ɓarawon da zai canka, tunda mai alkawarin ma ya manta."

Na danna lambobi huɗun. Na'urar ta tofo 'yar takarda, fuskarta ta yi duhu. Ma'aikaciyar ta naɗe wayar wutarta, ta sa na'urar a kwali, ta shawarce ni kar sabuwar lambar ta zama kwanan wata.

Ban manta da alkawarin ba. A shekarar na gama littafin, yana cikin akwati a ƙarƙashin teburin. Matata kaɗai ce ba ta taɓa yi mini kara a kan rubutu ba, shi ya sa na kasa ce mata: ga shi, karanta.